Zazzaɓin Na'ura

A rumfata ta bakin kasuwar Dole,
tsakanin mai walda da mai kilishi,
Barira ta ajiye kwamfutarta kan benci
kamar mai kawo yaro asibiti.
Ta ce, "Mutari, ƙanena ne ya taɓa ta.
Ya shiga cikinta ya ɗaga wata lamba,
wai don ta ƙara sauri.
Kwana biyu tana gudu,
ran na uku ta ɗauke numfashi
ina tsakiyar lissafin rijiyoyin Mirya."

Na kwance kusoshi takwas.
Fanka ta shaƙe da zare,
man da ke kan ƙwaƙwalwar ya bushe kamar ƙanzo.

Na ce, dubi wannan 'yar aba,
da kaɗan ta fi farcen babban yatsa.
Kafin ki ce ɗaya
ta buga sau biliyan uku.
Haske kansa, da babu mai tsere masa,
tsakanin bugu da bugu
faɗin tafin hannuna kaɗai yake ci.
To ina kuke so ta je?

In an ce ta ƙara gudu kashi goma,
ba kashi goma na wuta za ta roƙa ba.
Sai an matsa mata, an ƙara matsawa,
zafin ya zarce ribar,
ta koma dutsen Birni da azahar ɗin bazara.
Ga garinmu, inuwa ma gumi take,
fanka na ɗebo zafi tana zubawa kan zafi.

Maƙeranta sun fi mu kuɗi, sun fi mu sanyi,
su ma tuni suka yi karo da bangon nan.
Sai suka bar dukan jaki ɗaya,
suka ɗaura huɗu, suka ɗaura takwas.
Amma akwai aikin da ba ya rabuwa:
ƙuntatacciyar rijiya guga ɗaya take ɗauka
ko da mutum takwas na tsaye a bakinta.

Ta ce, "To wadda ta fi ta, nawa?"

Ubana majemi ne.
Fata goma kan sha bagaruwa a kwatarniya guda,
biyu su tafi Kano da tsada,
saura a yi kube da igiyar takalmi.
Haka waɗannan. Faranti ɗaya aka yanko su,
aka gwada, wadda ta jure wuta
aka rubuta mata babbar lamba, aka ninka kuɗi.
Jikka tamanin za ki ɗora
kan saurin da ba za ki gane ba
sai da agogo a hannu,
ga mitar kuran na haɗiye saura.

Kuma mu 'yan Damagaram za a koya wa?
Ka tashi ƙarfe uku na dare,
ka riga kowa zuwa famfo, ka jera jarkoki,
ka zauna.
Gudunka bai kawo ruwa ba.
Rabin yininta wannan ƙwaƙwalwa zaune take,
tana jiran tsohon faifai ya miƙo mata aiki.

Na mayar da lambar mazauninta.
Na ɗiga sabon mai, kamar ƙwayar wake,
na zare faifan, na sa na hannu mai ɗan kuzari.
Na ce sha biyu, ta ce tara,
ta ba da bakwai, saura sai Alhamis.

Ta kunna, ta kama.
Can aka ɗauke wuta,
mai walda ya yi tsaki ya tafi alwala.
Barira ba ta ɗago kai ba,
ta jawo kujerata, batir na da rabi,
ta ci gaba daga rijiya ta arba'in da ɗaya.
Na kara bayan hannuna a gefen na'urar:
ɗumi ne kawai,
irin na goshin yaron da ya samu barci.